Cire igiyar majigi kafin ka buɗe wannan fayil ɗin

Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a kujerun baya na wani zaure a unguwar Plateau, wani yaro mai ƙwazo yana bayanin yadda manhajarsa ke tantance masu shiga. Jawabin na tafiya daidai, har shafin ya ƙi buɗewa. Sai ya ce, "Bari in duba wani abu," ya buɗe fayil ɗin .env, inda ake ajiye kalmomin sirri da makullan manhaja, a gaban jama'a cike da zaure, ga kuma wani a gefe yana ɗauka da waya. Na miƙe na ce, "Ƙanena, cire igiyar majigin tukuna." Ya dube ni kamar na zage shi. Bai san daga rijiyar da na taɓa faɗawa nake janye shi ba.

Ni a farkon hawana dandamali a nan Yamai na yi wannan ɗanyen aikin. Na rubuta wa wata ƙaramar ƙungiya manhajar da ke tura wa mambobinta saƙon waya, sai aka gayyace ni in nuna yadda na yi. Na ce ai gani ya kori ji, zan nuna abin yana aiki kai tsaye. Rezo ya yi nauyi, na ruɗe, na buɗe fayil ɗin saituna don in canza adireshin sabar. Bai yi minti ɗaya a allo ba. A cikinsa akwai kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin asusun tura saƙonni, wato rubutun sirrin da manhaja ke shiga asusun da shi, manya-manya, don ni da kaina na ƙara girman rubutu saboda na baya su gani. Aka yi min tafi, na sha shayi da abokai a fada har dare ina jin na burge. Bidiyon ya hau Facebook washegari. Kwana uku bayan nan shugabar ƙungiyar ta kira ni da sassafe, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Malam, me ka yi mana?" Wani ya tsayar da bidiyon, ya kwafe makullin, ya ƙarar da kuɗin saƙon da suka saya na rabin shekara wajen tura wa mutane tallar damfara da sunan ƙungiyar. Jika ɗari da tamanin na biya daga aljihuna, na sayar da babur ɗina kafin na cika. Kuɗin ma da sauƙi. Matar nan ta ba ni amanar lambobin mambobinta, kuma har yau in mun haɗu a wurin biki ko suna, gaisuwarmu ba ta wuce "ina gajiya" ba.

Abin da sababbin shiga ba sa ganewa shi ne makulli kamar magana yake, zarar bunu ce. Ka roƙi mai bidiyo ya goge, ka yanke wurin, duk ihu ne bayan hari. Haka in ka tura shi cikin Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kod, ka goge a turawa ta gaba: yana nan kwance cikin tarihi, duk wanda ya sauke aikin zai tono shi. Magani ɗaya ne, ka kashe makullin ka yanko sabo, a ranar, kafin ka ci abincin dare. Kuma ku daina ce min ai JWT ne kawai ya bayyana, wato tikitin da sabar ke ba mutum bayan ya shiga, wai "a rufe yake". Ba a rufe yake ba. Wannan dogon rubutun da ke farawa da eyJ kashi uku ne da ɗigo ke rabawa, kuma kashi na biyu duk yaron da ya san base64 zai warware shi ya karanta imel da matsayin mai shi. Sa hannun da ke ƙarshe yana hana a canza abin da ke ciki ne kawai, ba ya hana a karanta. Kuma duk wanda ya riƙe shi kafin wa'adinsa ya ƙare, a wurin sabarka shi ne kai.

Ga abin da nake yi yanzu, kuma na san akwai masu cewa na cika tsoro. A kwamfutata akwai asusu na biyu da na raɗa wa suna "dandamali". Babu imel ɗina a ciki, babu WhatsApp, burauzar ba ta san kalmar sirrina ko ɗaya ba. Wannan ya raba ni da wata kunyar kuma, ta saƙon gida da ke faɗowa a saman allo kana tsakiyar bayani. Na taɓa ganin zaure guda ya karanta cefanen da matar wani ta aiko masa. Makullan da zan yi nuni da su da safe nake yanko su, ina sauka in kashe su tun kafin in amsa gaisuwar kowa. Nunin kansa kuma ina ɗaukarsa bidiyo tun a gida. In rezo ya yi kyau in yi kai tsaye, in ya ƙi in kunna bidiyon in ci gaba da magana a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai masu hawa da bayanan mutane na gaskiya. Ku ji tsoron Allah. Na ga wanda ya buɗe jadawalin wata makaranta, sunayen yara da lambobin iyayensu, wai don a ga manhajarsa "tana da masu amfani". Wa ya ba ka izini? Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP domin wannan. Ko da babu doka, ba za ka so a haska lambar mahaifiyarka a bango ba. Ƙirƙiro mutum hamsin na ƙarya aikin minti goma ne.

Kuskure na biyu da ya ci ni shi ne na ɗora rayuwata kacokan a kan lambar waya guda. Imel ɗina, GitHub, asusun sabar abokan cinikina, duk lambar tabbatarwa ta saƙon waya take zuwa. Ana gobe zan yi jawabi, na shiga taksi daga wajen Katako da magariba, muna matse mu huɗu a baya, na sauka babu waya a aljihu. Na ce ba komai, ai kwamfuta na gida. Na buɗe ta, ta ce in sake shiga, ta tura lamba shida zuwa wayar da ke hannun ɓarawo. Allunan jawabina na cikin asusun, ban sauke ko kwafi ɗaya ba. Da safe na je a dawo min da layin, ma'aikaciyar ta duba ta ce ba sunana ba ne a kai. Gaskiyarta ce. Yayana ne ya saya min shi da katinsa na ɗan ƙasa tun ina ɗalibi, shi kuma yana Tawa, tafiyar yini guda a mota. Na tsaya gaban mutane da takarda ɗaya da na rubuta da hannu, ina bayani kan tsaron asusu, alhali an kulle ni waje daga nawa. Sai da aka yi kwana tara kafin na koma cikin imel ɗina, kuma cikin kwanakin nan sabar wani abokin ciniki ta faɗi ban iya taɓa ta ba.

Tun daga nan na raba ƙafa. Lambar tabbatarwa daga manhajar TOTP nake karɓa, wadda ke fitar da sabuwar lamba shida kowane daƙiƙa 30, kuma ba ta buƙatar rezo ko kaɗan, don lissafi ne tsakanin agogo da wani sirri da ke cikin wayar. Na sa ta a waya biyu, ɗaya tsohuwa ce mai fasasshen gilashi da ba ta barin gida. Lambobin ceto, irin guda goma da Google ke bayarwa, na buga su a takarda na sa cikin jakar da takardar haihuwata take. Abokaina na min dariya wai mai kwamfuta da ajiyar tsofaffi. Su yi. Layina yanzu da sunana yake, WhatsApp ɗina na da lambar sirri ta biyu, allunan jawabi kuma suna kan kwamfuta da 'yar ma'ajiyar USB a matsayin PDF.

In kai mai gina manhaja ne, darasin ya fi haka faɗi. Lambar waya ba mutum ba ce. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani na karɓewa ya sayar wa wani, sabon mai shi kuma ya gaji asusun tsohon a manhajarka. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata da babban ɗa. Ana kuma iya yaudarar ma'aikaci ya mayar da layin mutum kan wani sim. Haka aka shiga asusun Jack Dorsey a 2019, lokacin shi ne shugaban Twitter ɗin kanta. Ban ce ku watsar da saƙon waya ba, kada wani ya je ya ce na ce. Wanda ke Abalak ko Illela da 'yar ƙaramar waya mai madannai ba za ka ce masa ya yi "passkey", wato shiga asusu da zanen yatsa maimakon kalmar sirri ba, duk da Apple da Google da Microsoft sun rungumi tsarin tun 2022. Abin da nake cewa, ka ba kowane mutum lambar shaida ta cikin gida wadda ba ta canzawa, wayar ta zama ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofi, ka kuma tanadi hanyar da mutum zai bi ranar da layin ya ɓace. In ka hau dandamali ba ka taɓo wannan ranar ba, ni zan tambaye ka daga baya, kuma ba zan sassauta ba.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan zafi ba. OAuth 2.0, wanda ya fito a 2012, na ba da izini ne: wannan manhajar ta taɓa wancan abin a madadina. Sanin ko wane ne ya shigo aikin OpenID Connect ne, da aka ɗora a kansa a 2014. Kada ka yi minti ashirin kana kiran ɗaya da sunan ɗaya. Kalmar sirri da bcrypt ko Argon2 ake ajiye ta, hanyoyin rikita ta ne don ta yi wuyar fasawa; LinkedIn da SHA-1 mai rauni ta ajiye, ba tare da "gishiri" ba, wato ƙarin haruffan da ake gaurayawa da kowace kalma, kuma a 2012 aka sace su aka fasa. Tilasta wa mutane canza kalmar sirri kowane wata uku, hukumar NIST ta Amurka ta daina ba da wannan shawarar tun 2017, mu nan muna ta yi, sakamakon kuwa takarda manne a gefen allo a kowane ofis.

Akwai ɗaya da ke ba ni haushi don namu ne na gida. Ku daina kwafo fom ɗin Turawa mai "sunan iyali" da "ranar haihuwa" dole. Mutum ɗaya Mahamadou ne a katin ɗan ƙasa, Mahaman a takardar makaranta, Mamane a bakin abokai, in ya tsallaka Konni zuwa Najeriya ya koma Muhammadu. Abin da kake kira sunan iyali sunan mahaifinsa ne, ɗansa kuma wani zai ɗauka. Iyayenmu da yawa takardarsu "né vers" ta ce, wato an haife shi wajejen shekara kaza, sai ma'aikaci ya cike da 1 ga Janairu. In manhajarka na gane mutum da suna da ranar haihuwa, za ta haɗe Abdou Issa uku su zama ɗaya, ta kuma raba Mahamadou ɗaya ya zama uku. Wannan shi ne jawabin da nake so in ji ɗan Nijar ya kai babban taron masu gina manhaja irin FOSDEM na Burussel, don can ba su san da matsalar ba, amma kowa sai ya zo ya maimaita min abin da ya kalla a YouTube.

Kan tsayuwar kanta kuwa: an ba ka minti ashirin, kada ka cinye biyar wajen gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sallama da godiya sun isa. Kada ka juya mana ƙeya kana karanta allo. Rubutun kod in na kujerar ƙarshe bai gani ba, babu shi. Ka zo da mahaɗin HDMI naka, ka cika batir, don in aka ɗauke wuta kafin a tada inji kai ne za ka riƙe zauren da baki. Sunan da ke kan takardar taron ya zama shi ne a GitHub da LinkedIn ɗinka, ba "Boss227" ba, in kana son wanda jawabinka ya burge ya same ka. Kuma in ka ga idanun yara sun yi fari da Faransancinka, juya zuwa Hausa ko Zabarmanci ka ba da misali ɗaya. Ni bambancin tantancewa da izini da mai gadin ofis nake bayyana shi: ya duba katinka a ƙofa ya san kai ne, amma wannan bai ba ka makullin ɗakin darakta ba.

Yaron na ranar Asabar ya same ni a waje bayan an tashi, fuska a ɗaure, ya ce, "Yaya, ai da ka bari an gama ka faɗa min a gefe." Na ce masa ya buɗe kwamfutar nan take, muka tsuguna a inuwar wata bedi ya kashe makullai uku ya yanko sababbi. Muna cikin na ukun wayarsa ta yi ƙara: an riga an tura bidiyon a zauren WhatsApp na mahalarta, fayil ɗin na fitowa tar a minti na goma sha ɗaya.