Kurakuran da ke korar yara maza daga karatu

Shekara 11 ke nan ina yi wa yara lesin ɗin yamma a Unguwar Rogo da ke Jos, kuma duk sabon malamin da ya zo sai ya faɗa ramin da na faɗa. Kafin ya yi wata biyu ka ji yana cewa yaran nan maza ba sa son boko. To bari in faɗi inda gizo ke saƙar.

Babban kuskure, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne ka tsayar da yaro gaban aji ya yi karatu alhali ka san bai iya ba. Na yi wa wani ɗan aji huɗu haka. Ya riƙe littafi yana bin layi da yatsa, hannunsa na rawa, ya zo kan "iska ta taso da ƙura" ya ce "kura". Aji ya kwashe da dariya. Ni da ya kamata in tsawata, da ni aka yi dariyar, na ƙara masa da bulala biyu. Kafin a tashi sunansa ya koma Kura. Bai cika mako ba ya daina zuwa. Bayan shekara biyu na gan shi a wajen wankin mota a Bauchi Road, ya durƙusa ya ce, "Malam, ina wuni," ya koma kan bokitinsa bai sake ɗaga kai ba. Ɗa namiji zai haɗiye duka, amma a kunyata shi gaban abokansa, musamman in da 'yan mata a ajin, wannan ba ya yafewa.

Yanzu wanda bai iya ba, gefe nake ja da shi, benci ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Ba ya karatu a bainar jama'a sai abin da muka riga muka bi sau uku. Kuma ɓ, ɗ, ƙ ina ware musu rana guda, don laifin ƙugiyar da ba a koya masa ba ne aka doki yaron nan.

Na biyu kuwa, iyaye, da ku nake. Ku zo ku ce, "Malam, mu Turanci muke so ya iya." Yaro yana rera "A for apple" kamar karatun allo, ka rufe hoton tuffar ya tsaya yana kallonka. Wannan hadda ce. Hausa kusan yadda ake faɗinta ake rubuta ta, wasulanta biyar, yaro ya kama ba, bi, bu sai ka ga yana haɗa kalma da kansa. In ya gane cewa harafi sauti yake ɗauka, Turancin ma ya zo da sauƙi. Ku yi haƙuri da ni zango ɗaya mana!

Sai abin da ake ba su su karanta. Yaron da ka ce daƙiƙi ne, je ka gan shi a ƙofar gidan kallon ƙwallo yana karanta allon wasannin ranar ba gargada. Shi ya sa nake rubuta musu 'yan layuka da kaina: yadda Ahmed Musa, ɗan garin nan, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya sake cin Iceland biyu a 2018, ko yadda Plateau United ta ɗauki kofin gasar firimiya ta Najeriya a 2017. Har rige-rigen takardar suke yi. Daga nan in ɗauko Magana Jari Ce, in karanta har inda labari ya ɗau zafi, in rufe in ajiye kan tebur. Wani sai ya ɗauka.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ce masa "dubi ƙanwarka". Kada karatu ya zama horon wanda ya yi laifi. Wanda ke kanne ido in ya kalli allo, a kai shi a duba idonsa kafin a kira shi malalaci. Uban da ɗansa bai taɓa ganinsa riƙe da ko jarida ba, ya rage faɗa. A sanyin Disamba kuma, da yatsu ke ƙagewa, rana nake fitar da benci.