Gajere ba yaro ba: yadda ɗan ƙwallo mai ƙaramin jiki zai yarda da kansa

A filayen ƙasa na Yamai, daga Bukoki har Wadata, idan ana raba 'yan wasa da yamma akwai yaron da ake bari a ƙarshe. Sai an kwashe dogaye, sannan wani ya ce, "To, ku ɗauki ɗan tsugul ɗin nan." Ƙanena, idan kai ne wannan yaro, da kai nake magana. Abin yana mini ciwo, domin na ga masu ƙafa mai kyau sun rataye takalmi saboda kalma ɗaya irin wannan.

Mataki na farko, zaɓi gwani guda mai jiki irin naka, wanda kuma yake buga wurin da kake bugawa. Kowa Messi yake ambata, kuma da dalili: tsawonsa mita 1.70, ya ɗauki kofin duniya a Katar a 2022. Maradona ma bai wuce mita 1.65 ba da ya ɗauki nasa a 1986. Amma idan a tsakiya kake, aikinka ƙwace ƙwallo, N'Golo Kanté ne malaminka. Iyayensa 'yan Mali ne, tsawonsa mita 1.68, kuma har ya kai shekara 19 yana ƙaramar ƙungiyar Suresnes a gefen birnin Paris, manyan makarantun ƙwallo ba su ɗauke shi ba. A 2016 ya ci gasar Ingila da Leicester, a 2018 ya ci kofin duniya da Faransa. Idan mai tsaron baya ne kai, duba Cannavaro na Italiya, mita 1.76, wanda aka ba Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, a 2006.

Na biyu shi ne inda yawanci ake yin kuskure. Gajerun bidiyon da ake turawa a waya ƙwallayen da aka ci kawai suke nunawa, kuma ba za su koya maka komai ba sai sha'awa. Je gidan kallo, ko ka zauna a fada ranar babban wasa, ka kafa wa gwaninka ido na minti goma, musamman lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Ƙirga sau nawa yake waiwaye kafin a ba shi. Lura da inda yake tsayawa don kada dogo ya riske shi da kafaɗa. Za ka ga kafin ƙwallo ta iso ya riga ya san inda zai kai ta. Ƙarfin gajere ke nan, kuma koyonsa ake yi.

Sannan ɗauki abu ɗaya tak ka kai shi fili har mako guda. Misali, tare ƙwallo da jiki: lanƙwasa gwiwa, buɗe ƙafafu, juya wa abokin karawa baya, ka sa ƙugu tsakaninsa da ƙwallo. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar gargajiya ta neman takobi ya san wahalar da dogo yake sha kafin ya ɗaga wanda ya yi ƙasa ya kafe. Nauyinka yana kusa da ƙasa, shi ya sa kake juyawa kafin dogo ya gama ɗaga ƙafa. Mako na gaba, buga ƙwallo a bango da ƙafar hagu, sau ɗari kowace safiya. Ranar da abin ya fito a wasa ba tare da ka yi tunani ba, za ka ji zuciyarka ta natsu, kuma ba wanda ya isa ya ƙwace maka wannan.

Kada kuma ka yaudari kanka. Ƙwallon sama dogo zai fi ka samu. Naka shi ne tashi a kan lokaci da shiga inda ba a tsammani. Haka Messi ya ci Manchester United da ka a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2009.

Wata magana da ba zan tsallake ba: kada ka sayi maganin ƙara tsawo a hannun 'yan talla. Messi ciwo ne likitoci suka gano a jikinsa yana yaro, su ne suka kula da allurarsa. Kai dai ka riƙe wake, ƙwai, nono, kifi da kopto (kwaɗon zogale), ka yi barci isasshe. Idan girmanka yana damun Baba da Inna, asibiti za a je.

Ranar da koci ya ce ka yi ƙarami, kada ka yi fushi ka fice. Gaishe shi, ka ce, "Malam, ban da tsawo, me ya rage mini?" Abin da ya faɗa, ka tafi ka yi aiki a kai. Idan bai da amsa sai tsawon, nemi wata ƙungiya. Ƙungiyar Hajduk Split ta ƙasar Kuroshiya ta ƙi Luka Modrić yana yaro saboda ƙanƙantar jiki, ya tafi Dinamo Zagreb, kuma a 2018 shi aka ba Ballon d'Or.