Ku nuna wa sabon shiga fayil ɗin da zai taɓa

'Yan'uwa masu kula da manhajojin da kowa ke iya gyarawa, ga abin da ya taimake ni.

Idan kun liƙa wa wata matsala alamar good first issue (wato aikin da ya dace da sabon shiga) a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhajoji, kada ku tsaya nan. Ku rubuta sunan fayil ɗin da za a gyara, da umarnin da zai gwada gyaran da shi. Layi uku sun isa.

Sabon shiga yakan iya rubuta kod. Abin da ke cin kwanakinsa shi ne neman inda matsalar take cikin ɗaruruwan fayiloli, ga nauyin tambaya a gaban mutanen da bai sani ba. Da yawa sukan sulale shiru, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Ku da kuka san aikin, minti biyar zai ɗauke ku.

Amma fa dabarar ba ta aiki idan bayanin girka manhajar a CONTRIBUTING.md, fayil ɗin da ke bayyana yadda ake ba da gudummawa, ya tsufa. Ku gwada shi a sabuwar kwamfuta tukuna.

Haka kuma idan sabon shiga ya turo gyaransa, kada a bar shi sati biyu ba amsa. Ko "mun gani, muna dubawa" ku rubuta masa.