Yadda Ake Nazarin Unguwa a Legas Ta Hanyar Bin Ruwa

An daɗe ana koya wa ɗaliban nazarin zamantakewa ƙa'idar da masanin nan ɗan Faransa, Durkheim, ya kawo a 1895, wadda ta ce lamarin jama'a da lamarin jama'a ake bayyana shi. A Legas wannan bai wadatar ba. Kuɗin haya a Mile 12 ko Agege, har ma rigimar maƙwabta, duk ruwa na da hannu a ciki. Shi za ka fara bi kafin ka tambayi kowa ƙabilarsa.

Zaɓi kwata guda ɗaya, ka bi ta daga tudu zuwa gangare, ka ɗauki gida 20 a bakinta. A kowane gida nemi tabon lakar da ambaliya ta bari a bango, ka auna da tef, ka rubuta da santimita. Daga daɓen ɗaki za ka auna, kada ka auna daga titi, domin sau da yawa an yi wa titin ciko har ya ɗara gidan. A gefen wannan adadi rubuta kuɗin hayar ɗakin da sana'ar mai kwana a ciki, ɗan dako ne, mai gadi ko ɗan bola. A nan za ka ga wanda talauci ya tura cikin kwari.

Ka je sau biyu, a Janairu da Yuni. Duk zuwa tambayi 'yan garuwa nawa jarka mai lita 25.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa ambaliya iri biyu. Ta Yuni da Yuli ruwan sama ne da toshewar kwata. Wadda ke cin unguwannin Isheri da Agiliti wajen Satumba da Oktoba kuwa Kogin Ogun ne ke tumbatsa, musamman idan an saki ruwan madatsar Oyan kusa da Abeokuta. Rana na ƙwallewa, ruwa na shiga ɗaki. In ka gauraya su, sai ka ɗora wa mazauna laifin zubar da shara alhali sanadin yana wata jihar.

Kula da kwanan wata. Dattijo zai ce maka "bayan Babbar Sallah ne", ita kuwa Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai ka nemi shekarar ka mayar da lissafin zuwa watannin Turawa.

In unguwar Hausawa ce, neman izini a fadar Sarkin Hausawa wajibi ne, amma kada ka tsaya nan. Tafi da mace cikin tawagarka, don matan gida ne suka san ranar da ruwan rijiya ya canza launi da yaran da suka yi gudawa bayansa.