Yadda na gyara bokitan da ke tsagewa

Bokitan da muke bugawa a 'yar masana'antarmu ta Kakuri sun riƙa tsagewa tun ba su yi sati a hannun mai saye ba. Na ɗora wa injin laifi, ashe robar ce.

Tsofaffin robobin da 'yan bola jari ke kawo mana a gauraye suke, nau'in roba uku daban-daban: jarkokin HDPE, karyayyun kujerun PP, har da gorar ruwa ta PET. HDPE da PP kamar ruwa da mai ne, ko an narka su tare kowanne zaman kansa yake yi, kuma a gaɓar da suka haɗu bokiti ke fashewa. PET kuwa sai wajen digiri 250 na ma'aunin Celsius yake narkewa, zafin da ya wuce wanda ke narka sauran biyun, sai ya zauna ciki kamar tsakuwa a shinkafa.

Na zuba niƙaƙƙiyar robar a duron ruwa. PET ya nutse, sauran suka taso, muka shanya su sosai. Sannan na ƙara EPDM, wata irin roba mai laushi, kashi 5 cikin 100. Yana ɗauke da etilin (sinadarin da ake yin HDPE da shi) da furofilin (na PP) duka, sai ya riƙe ɓangarorin biyu. Bokitin ya ɗan yi laushi, amma na jefo shi daga kan mota bai tsage ba. Tsadar EPDM ɗin ce dai ta sa maigida ɓata rai.