Yadda ake koyon sana'ar wanka da askin karnuka a Kaduna, ga mai son sauya aiki

Yawancin waɗanda na ga sun shigo wannan sana'a suka fice cikin 'yan watanni, da sayen kilifa suka fara. Mutum ya kalli bidiyo a YouTube, ya ga ɗan kare yana tsaye ƙyam a kan tebur ana masa aski, sai ya kwashi kuɗin sallamarsa ya yi odar kaya. Ranar da aka fara kiransa wani gida a Malali ko Barnawa, aka buɗe keji ya yi ido huɗu da ƙaton kare jinsin Boerboel, a nan zance ya ƙare. Karen bidiyo tun yana kwikwiyo ya saba da tebur. Namu na nan akasari na gadi ne, suna wuni a kulle, da dare a sake su, kuma an hore su a kan ƙin baƙo. Shi ya sa a tsarin da zan ba ka kilifa take can baya.

Da farko kada ka ajiye aikinka. Masu karnuka sun fi kira ranar Asabar da Lahadi, lokacin da maigida yake nan, don haka kana iya koyo kana karɓar albashinka. Ka kuma yi magana da iyalinka tun wuri, domin za a yi surutu a unguwa. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya kuwa sun tsananta a kan yawunsa. Ka zauna da malamin da ka amince da shi ka ji bayani har zuciyarka ta natsu. Ko me ya ce maka, ka ware kayan aiki daban da kayan salla, ka riƙa cire su kafin ka shiga gida.

Na biyu, allura. Kafin hannunka ya taɓa karen wani, ka je asibiti ka nemi rigakafin haukan kare da ake yi wa masu aiki da dabbobi tun kafin cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2018 ta amince da zuwa biyu, ranar farko da kuma bayan kwana 7. Ka haɗa da ta tetanus. Idan an cije ka ko an yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ko da ka yi rigakafin. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi. Kuma doka ce a wurina: duk karen da mai shi bai nuna katin rigakafinsa ba, ba a taɓa shi, ko nawa za a biya.

Yanzu ga matakin da ya fi kayar da mutane, wato riƙon kare. Ba a koyonsa a waya. Ka nemi asibitin dabbobi mai zaman kansa, ko mai kiwon karnuka na sayarwa, ka gaya masa kana son ka riƙa zuwa kana taimako ko ba biya. Akwai su a cikin gari da wajen Narayi da Sabon Tasha. Za a ba ka wanke keji da kwashe kashi. Ka karɓa. A wurin wanke kejin ne za ka fara gane kare, kuma ni ban yarda mutum ya ɗauki almakashi ba sai ya yi kamar wata 6 a wannan matsayi.

Abin da za ka sa wa ido shi ne jikin karen kafin ya yi gurnani. Mai haushi da ƙarfi sau da yawa tsoro yake ji, kuma ya sanar da kai. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya yi tsit, jikinsa ya sandare, ya kawar da kai amma idonsa na kanka har kana ganin farin idon, yana lasar leɓe ko yana hamma ba barci yake ji ba. Wannan ya gama gargaɗi, saura cizo. Sabon shiga yana ganin shirun sai ya ce ai ya kwanta da rai, ya sunkuya a kansa. Kada ka sunkuya a kan kare, kada ka tunkare shi gaba da gaba kana kallon ƙwayar idonsa, kada ka kai hannu ta saman kansa. Ka tsaya a gefe, ka bari ya sunsuna ka ya gaji. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce, idan wutsiyar ta miƙe sama tana rawa a taƙaice, ja da baya.

Ka koyi sa takunkumi har ka iya ba tare da tunani ba, ka kuma koyi ɗaura na wucin gadi da bandeji, ranar da babu na kanti. A kan babban kare, mai shi ko yaron da ke ba shi abinci ne zai sa takunkumin ya riƙe kan, kai ka yi aikinka daga baya. In suka ce su ma tsoronsa suke ji, ka tattara kayanka ka ce a kai shi wurin likita. Akwai masu ba karnuka ƙwayar barci da kansu don aiki ya yi sauri. Wannan ganganci ne. Allura, maganin barci, ɗinki, duk aikin likitan dabbobi ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kai ba shi ba ne. Sannan ka kula da zafi. A watan Maris da Afrilu, kare mai takunkumi matsattse ba ya iya haki, kuma da haki yake fitar da zafin jikinsa. Ka yi aiki da sassafe, a inuwa, ka riƙa ba shi hutu.

Ƙafa da farce su ne wurin da faɗa ke tashi. A cikin farcen akwai jijiya mai jini, a farin farce ana hango ta ja-ja, a baƙi ba a gani. Ka riƙa yanka kaɗan-kaɗan, ka ajiye hodar tsayar da jini kusa. Karen da aka taɓa yanke wa jijiya ba ya mantawa, wanda ya zo bayanka ma zai sha wahala da shi.

Sai gashi. Taje kafin wanka, ba a juya wannan. Gashin da ya cukurkuɗe idan ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake yi, musamman na karnuka jinsin Lhasa, waɗanda su ne za su fi kawo maka kuɗi don kullum suna bukatar gyara. Ka duba bayan kunne, hammata da gindin wutsiya. Ƙulli da ya manne da fata ba a sa masa almakashi, nan ne ake yanke fata, a bi ta ƙarƙashinsa da kilifa mai wuƙa lamba 10. Ka riƙa taɓa wuƙar a bayan hannunka don tana zafi ta ƙona kare. German Shepherd da Caucasian kuwa gashi biyu gare su, na sama da na ƙasa mai laushi. Maigida zai ce ka aske shi tas don yana jin zafi. Ka ƙi, ka yi masa bayani: gashin saman yana kare fatar daga rana, kuma idan aka aske ba lallai ya dawo daidai ba. Na ƙasan ake tajewa a fitar. Shamfun kare kawai, ban da omo, ban da sabulun wanki. Da damina kaska za ta cika maka hannu. Maganin wankanta irin su amitraz guba ne idan aka wuce kima, ka sa likita ya nuna maka yadda ake haɗawa, ka sa safar hannu. Maganin ƙwarin gona da baƙin mai da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa, kada su shigo jakarka. Ka ga fata ta yi ja ko gashi na zubewa faci-faci, ka tura asibiti.

Batun takarda, wanda na san shi ne ya fi damun wanda ya fito daga ofis. A Ingila akwai shaidar sana'a ta hukumar City & Guilds, mataki na 2 na mataimaki da mataki na 3 na cikakken mai gyara, kuma karatun ya haɗa da aikin hannu a gaban malami. Kwasa-kwasan intanet masu ba da satifiket suna da amfani wajen sanin jinsin karnuka da tsarin fata, amma kada ka zuba musu kuɗi da yawa, maigida a Unguwar Rimi sunan likitan da ya turo ka zai tambaya. In kana da shekaru da hali, karatun da ya fi maka amfani a nan shi ne difloma a kan lafiyar dabbobi. Kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi ta kan hanyar Mando, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana nan cikin gari, akwai kuma ta tarayya a Vom ta Jihar Filato. Ba za su koya maka aski ba, amma za ka san cuta idan ka gan ta, kuma asibitoci sun fi saurin ɗaukar mai wannan takarda. In babu hali, ka nemi ogan da ka yi aiki a ƙarƙashinsa ya rubuta maka wasiƙar shaida ranar da zai yaye ka.

Yanzu ka sayi kilifa. Ta wanzami ba ta jure gashin kare, ka nemi ta dabbobi irin Andis ko Wahl, mai batir, saboda halin wutar nan tamu. Ta hannu mai kyau ta fi sabuwa jabu. Ƙara mataji na ƙarfe, burushi mai ƙananan wayoyi, almakashi mai dagin baki, abin yanke farce, takunkumi girma uku, tawul da yawa. Tebur mai tsada zai iya jira, kafinta zai yi maka, ka shimfiɗa roba don kada ƙafa ta zame. Ka fara da bin gidaje a kan mashin, haya ba yanzu ba. Ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa da izinin mai kare, ka sa a WhatsApp da Instagram, ka bar lambarka a asibitin da ka koya da shagunan abincin karnuka. Idan kira ya fara yawa ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Farashi ka yanke shi bayan ka ga karen da idonka, kada ka faɗa a waya, don ba ka san yawan kaska da ƙullin da ke jiranka ba.