Idan nano, manhajar gyara rubutu, ya ce "Error opening terminal" bayan kun shiga sabar

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu koyon Linux a nan Sakkwato, musamman ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo da ke haɗa sabar ta aikin kammala karatu: kun sa tagar umarni (terminal) irin kitty ko Alacritty, kun shiga sabar daga nesa ta ssh, sai umarnin share allo, clear, ya ƙi aiki, maɓallin goge harafi ya rikice. Kada ku zargi sabar, lafiyarta lau.

Tagar umarninku tana aika wa sabar sunanta cikin wani saiti mai suna TERM, misali xterm-kitty. Sabar kuma ta duba /usr/share/terminfo, inda ake ajiye bayanin yadda kowace taga ke motsa alamar rubutu da nuna launi. In ba ta ga sunan ba, shi ke nan, sai waɗannan matsaloli su taso.

Daga kwamfutarku ku buga wannan, ku sa sunanku da adireshin sabar a madadin suna@sabar:

infocmp -x | ssh suna@sabar tic -x -

Zai ajiye bayanin a ~/.terminfo na can. Sau ɗaya ya isa.

In kuna gaggawa, buga export TERM=xterm-256color a kan sabar zai fishshe ku. Amma don Allah kada ku dasa shi cikin .bashrc, fayil ɗin saitin da ake karantawa duk lokacin da kuka buɗe taga, domin tmux, manhajar raba taga kashi-kashi, yana son nasa sunan, tmux-256color, kuma in kuka danne shi launuka da maɓallan Home da End za su lalace.